Amanar da Ido Ba Ya Gani

A gidajenmu na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa akan sami tsofaffin agogunan hannu marasa batir, irin su Seiko 5 da aka soma ƙerawa a Japan a 1963. Motsin hannu ne ke juya wani ƙarfe a ciki, shi kuma ya naɗe sifirin. Ƙurar hunturu da bushewar mai sukan tsayar da agogon, sai mu kai wa mai gyara ya kwance, ya wanke, ya sa mai, ya rufe. Mu ba mu ga komi ba.

To, in ya cire kayan asali ya sa na jabu, agogo kuwa yana tafiya daidai, an cuci wani? Waɗansu sukan ce a'a, tun da mai shi bai sani ba. Amma rashin saninsa bai mai da kayan na mai gyara ba. Doka ta bakwai ta hana sata, ta fili da ta ɓoye. Ekklesiya kuma tana koya mana cewa bayan furta zunubi wajibi ne a mayar wa mai abu abinsa.

Tela da mai awon hatsi, dukanmu muna riƙe da irin wannan amana. Bari mu yi aikinmu kamar mai shi yana tsaye, gama Allah yana gani.