Tsohon jirgin fito: a sare shi ko a bar shi?

Yau maganarmu ta jirgin ruwa ce. Na san za ka ce: mu nan Bader Gula ina ruwanmu da jirgi? Ba mu da kogi. Kwarin Tarka ma busasshe ne. Rijiyoyinmu kuwa sai an sa raƙumi ko sa ya ja guga. Gaskiyarka. Amma tambayar da ke cikin maganar jirgin nan tana kwance a bayan garinku, za ka gan ta in mun ci gaba.

Wanda ya taɓa zuwa ci-rani ta yamma ya san kogin Isa. A da, in mota za ta ƙetare shi, sai ta hau jirgin fito, wanda ake kira bak. Bak faffaɗan dandamali ne na ƙarfe, da inji a jikinsa. Motoci su hau, mutane su hau, jakuna da awaki su hau, ya kai su wancan ƙetaren, ya kwaso na can. Haka yake yi tun safe har yamma.

A Yamai ma da jirgin fito ake ƙetarewa, har shekarar 1970, zamanin Diori Hamani, da aka gama gadar Kennedy. Tsawonta ya fi mita 700. A 2011 aka ƙara gada ta biyu, a 2021 ta uku. A Farie, wajen kilomita 60 daga Yamai, kan hanyar Tera, bak ya daɗe yana aiki. Manyan motoci su yi layi suna jiransa. In injinsa ya lalace, kowa ya nemi inuwa. A 2021 aka buɗe gadar Djibo Bakary a wurin. Tafiyar da ke cin rabin yini ta koma ta ƴan mintoci.

Kowa ya yi murna da gada. To, jirgin fa?

Jirgin da gada ta karɓe wa aiki, ɗaure shi ake yi a bakin ruwa. A ce ana jiran takarda daga sama. Damina ta zo ta wuce. Ruwa da iska su haɗu su ci ƙarfen, tsatsa ta huda shi. Ruwa ya shiga cikinsa, ya nutse cikin taɓo. Baƙin man injinsa ya riƙa tsiyaya cikin kogin da ake kamun kifi, ake shayar da dabbobi. Da dare wani ya kwance ƙusa, gobe wani ya kwance ƙofa. Bayan shekara goma ba jirgi, ba kuɗin jirgi. A Nuwadibu, bakin teku a ƙasar Muritaniya, tun shekarun 1980 masu jirage suka riƙa watsar da su haka nan, har aka ƙirga wajen 300 suna ruɓewa wuri guda.

In ka tambayi dattijon da ya yi shekaru yana hawan bak, zai ce maka: kada a sare shi. Jirgin nan ya kai mata masu naƙuda likita. Ya ɗauki hatsin taimako shekarar yunwa. Ya ɗauki amare, ya ɗauki gawa. Yanzu don ya tsufa sai a kira masu wuta su yanyanka shi kamar naman kasuwa? Wannan butulci ne, in ji shi.

Kada ka yi wa dattijon nan dariya. Zuciyar da ke jin nauyin abin da ya yi mata aiki zuciya ce mai kyau. Ita ce ke hana mutum yasar da tsohuwar butar ubansa. Amma mu duba: wa ake yi wa godiyar? Ƙarfe ba ya jin yunwa, ba ya jin kunya, ba ya jin an gode masa. In an sare shi bai ji zafi ba. In an bar shi cikin taɓo bai ji daɗi ba. Masu jin godiya su ne mutanen da suka tuƙa shi, da makanikan da suka kwana cikin injinsa, da talakawan da aka sayo shi da kuɗin harajinsu. Barinsa ya ruɓe bai ƙara wa ko ɗayansu komi ba. A ganina, yawancin abin da muke kira girmama tsohon kaya, gudun yanke shawara ne kawai. Ba mai son a ce shi ya sayar. Sai kowa ya kau da kai, tsatsa ta yanke shawarar.

Akwai kuma mai cewa a ci gaba da aiki da shi, a kai shi wata mashigar da ba ta da gada. In jirgin na da sauran ƙarfi, wannan ita ce shawarar da ta fi. Amma sai masu sani sun duba shi da gaske, domin ruwa ba ya karɓar uzuri. Ran 26 ga Satumba 2002, jirgin ƙasar Senegal mai suna Joola ya kife cikin teku, kan hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar. An ƙera shi don ɗaukar mutum ƙasa da 600. Hukuma ta ce mutum 1,863 suka rasu, 64 kaɗai suka tsira. Jirgin nan shekararsa 12 tak, kuma bai daɗe da dawowa daga gyara ba. Lodin da ya wuce kima da sakaci suka kashe mutanen. To, in sakaci ya yi haka da jirgi mai shekara 12, yi tunanin wanda tsatsa ta riga ta ci gindinsa. Mota in ta mutu kan hanyar Dakwaro, sai ku sauka ku tura. Jirgi in ya mutu tsakiyar ruwa, ina za ka sa ƙafa?

Gaggawar sarewa ma tana da nata laifin. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ta yi shekaru da yawa tana aiki. A 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, gada ta tsaya ba mai bi. Sai ga jama'a sun koma wa kwale-kwale da kayansu. Wanda ya faskare kwale-kwalensa ya yi girki don an yi gada, ran nan ya yi da-na-sani. Da tsohuwar zuma ake magani. Saboda haka kafin a ce abu ya mutu, a tabbata ya mutu.

In ya tabbata, to, ƙarfe yana da wata baiwa da mu ba mu da ita: yana sake sana'a. Je ka maƙerar garinku ka tambayi maƙeri inda ya samo ƙarfen da yake yin gatari da lauje da wuƙa. Sau da yawa zai ce maka daga tsohuwar mota. Dubi amalanken da kake kai taki gona: ƙafafunsa na wata mota ne da ta gama zamaninta. A kasuwar Katako ta Yamai, dubban hannuwa suna mayar da tsohuwar ganga ta zama akwati ko murhu, suna narkar da gwangwani ya zama tukunya. Jirgin da ya yi shekara talatin yana kai hatsi ƙetare, in ya koma hauya, hatsi zai ci gaba da yi wa aiki. Ni ban ga wulaƙanci a nan ba.

Bari in ratse kaɗan. Wani zai nuna maka gatari ya ce na kakansa ne. In ka bincika, an sake masa ƙota sau uku, an sake ruwansa sau biyu. Me ya rage na kakan? Ba itacen, ba ƙarfen. Duk da haka ba ka iya ce masa ƙarya yake yi. Abin da ya gada shi ne aikin, da sunan, da labarin. Haka jirgi yake. In ana son tunawa da shi, a ajiye matuƙinsa, ko allon sunansa, a kafa kusa da gada. A rubuta shekarar da ya fara da wadda ya daina, da sunayen waɗanda suka tuƙa shi. Yaran makaranta su karanta. Sauran ƙarfen a ba shi aiki.

Amma sarewar ba ta zuwa kyauta. Akwai wanda ke biya da jikinsa. Manyan jiragen teku in sun kai shekara 25 ko 30, yawancinsu ana tura su Indiya, ko Bangaladesh, ko Pakistan, ko Turkiyya. A wani gari mai suna Alang, a Indiya, an fara wannan sana'a a 1983. In teku ya cika, a tuƙo jirgi da ƙarfi ya hau rairayi. In ruwa ya janye, leburori su hau shi da wutar yankan ƙarfe. Akasarinsu ƴan ci-rani ne daga ƙauyukan talakawa, kamar yaranmu da ke tafiya bayan girbi. Ƙarfe yana faɗo musu. Sauran man da ke cikin tanki yana kama wuta. Akwai kuma wani abu mai kama da auduga a bangon tsofaffin jirage, ana kiransa asbestos. Ƙurarsa tana lalata huhu, cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru. Mai jirgi yana can wata ƙasa ya karɓi kuɗinsa, bai taɓa ganin fuskar leburan ba. A 2009 ƙasashe suka rubuta yarjejeniya a Hong Kong don a gyara wannan aiki. Ba ta fara aiki ba sai watan Yuni na 2025. Shekara 16 ana jira, ana sara.

Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Wanda ya ci ribar jirgi lokacin ƙarfinsa, shi ne da alhakin ƙarshensa. Ba daidai ba ne ya kwashe daɗin, ya bar wa talaka gubar.

Akwai wasu kuma da ba a cika tunawa da su ba ranar buɗe gada. Duk inda ake jiran jirgi, kasuwa tana tashi. Mai soyayyen kifi, mai shayi, mai fura, yaro mai dakon kaya. Jiran da ke ba matafiyi haushi, shi ne abincinsu. Da aka yi gada, mota ta daina tsayawa. Matuƙin bak da ya san kowane dutse da ke ƙarƙashin ruwan, saninsa ya rasa mai saye. A nan ne nake jin tsoro, ɗan'uwa. Lissafin da muka yi wa ƙarfe daidai ne ga ƙarfe: aikinsa ya ƙare, a auna shi, a sayar. Amma lissafi in ya saba da baki, yana tsallakawa kan mai rai. Ko san noma ma ba a yi masa haka kai tsaye. In ya gaji, manomin kirki yana turke shi, ya ba shi harawa da dusa kafin ya kai shi kasuwa. Kuma duk ranar da yake hannunsa, haƙƙin ci da sha yana wuyansa. Balle mutum. Tsohon da ya daina iya riƙe hauya ba a auna shi da kilo. Tausayin da dattijon nan yake ji wa jirgi, wurinsa na gaskiya shi ne matuƙin jirgin da mai kifin da ke bakin mashiga. Abin mamaki, za ka ga mutum yana hana a taɓa tsohon ƙarfe, alhali bai leƙa ɗakin gwaggonsa ba tun sallar bara.

Yanzu zagaya bayan garinku. Ga injin niƙan ƙungiyar mata da ya mutu shekara huɗu. Ga famfon da wani aikin taimako ya kafa, ya tafi. Ga sikelin ƙungiyar manoma cikin mangaza, gara ta ci akwatinsa. Waɗannan su ne jiragen fitonku. Na kowa ne, shi ya sa ba na kowa ba. Masu sayen tsohon ƙarfe kuwa suna yawo ƙauye ƙauye. In gari bai yi magana ba, za a sayar da kayan duk da haka, amma da dare, ƙusa ƙusa, kuɗin ya shiga aljihun mutum guda. Yaron da ya koyi kwance mataccen famfo, gobe mai rai zai kwance.

Ku kai maganar gaban mai gari, a taru maza da mata. A kira makaniki daga Dakwaro ko Maraɗi ya duba, kuma kada ya zama shi ne mai saye, don mai son sayen abu ba ya ganin ransa. In abin na gwamnati ne ko na wani aikin taimako, a nemi izini wurin magajin gari a rubuce. In ya gyaru a gyara. In bai gyaru ba, a fara tambayar maƙeran gari abin da za su iya amfani da shi. A zuba baƙin man cikin galan, kada a zubar da shi kusa da rijiya. A faɗa wa jama'a tun kafin ciniki abin da za a yi da kuɗin: igiyar guga ce, ko rufin aji, ko toshiyar sabon inji.

Ranar da mai saye ya zo da sikelinsa, kai da ka yi karatun manya ka tsaya kusa. Ka karanta lambar da idonka. Ka rubuta kilo nawa, kuɗi nawa, ranar wata nawa, da sunayen shaidu uku, cikin littafin ƙungiya.