Jikin Abokinka Ba Gonar Gwaji Ba Ne

A zaman zango, in mutum ya kwanta ciwo, sau da yawa ba uwa a kusa, ba mata. Abokin ɗaki ne ko maƙwabcin rumfa zai tsaya a kansa, kuma wannan zumuncin ne ya riƙe mu a Kudu. Sai dai wata sabuwar ɗabi'a ta shigo. Mutum zai kalli bidiyon minti biyu a waya kan maganin gargajiyar ƙasar Sin, ko wani ya dawo daga sarin kaya a can da kwalin ganye mai rubutun da ba wanda zai iya karantawa, sai ka ji ana cewa, "Malam, daure ka sha, maganin Caina ne, ba ya cutarwa." To, kyakkyawar niyya ta isa ta ba ka izinin gwaji a jikin wani?

Kada a ɗauka raina maganin Sinawa nake yi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yau a asibiti, tushensa wani ganye ne da suke kira qinghao, ɗan uwan tazargade. Amma dubi yadda aka samo shi. Wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta sun tace haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. Ganyen bai yi aikin kirki ba sai da ta lura a wani littafi na ƙarni na 4 cewa jiƙa shi ake yi a matse, ba dafawa ba. Suka gwada a kan ɓeraye da birai, sannan a 1972 ita da wasu abokan aikin suka sha da kansu kafin su ba majiyyata. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ka ga ita da jikinta ta fara. Mu kuwa da jikin aboki muke so mu fara.

Su kansu Sinawan ba da ka suke yi ba. Likitan gargajiya a can shekara biyar yake yi a jami'a. Kafin ya ba da komai sai ya taɓa bugun jijiya, ya duba harshe, ya yi tambayoyi. A wurinsu mura ma iri-iri ce: akwai ta sanyi, akwai ta zafi. Shayin citta da jan sukari na ta sanyi ne, in aka ba mai ta zafi suna ganin ƙara masa ake yi. Bidiyo zai ba ka haɗin, ba zai ba ka idon da ke gane ciwon ba. Ai duk mun sha ganin wanzami yana ƙaho, amma wa zai miƙa bayansa ga ɗan kallo?

Ko masu shaidar aiki ma sun yi kuskure. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Beljiyam, an musanya wani saiwa da wani mai guba saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace. Gan cao, saiwa mai zaƙi da ke cikin haɗe-haɗensu da yawa, tana tayar da hawan jini in aka yawaita. Dan shen kuma in ya haɗu da maganin tsinka jini na asibiti yana iya jawo zubar jini. Kai ka san abin da abokinka ke sha a ɓoye?

Wani zai ce, "Asibiti kuɗi ne, ga layi, ga wulaƙanci in ba ka jin yaren gari. In zauna ina kallonsa?" Maganar na da ƙamshin gaskiya. Amma babbar ɓarnar ɗan koyo sau da yawa ba guba ba ce, jinkiri ne. Kwana uku ana ɗirka wa mutum shayi alhali maleriya ko taifot na cin sa, garin neman gira a rasa ido. Kuma "to" ɗin da mara lafiya ya ce maka ba lallai yarda ba ce. Ciwo ya galabaitar da shi, ga kunyar wanda ke dafa masa koko. In an dace yabo naka ne, in an kuskure ƙoda tasa ce. Shi ya sa malaman fiƙihu suka ce wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba ya cutar da shi, alhakin biya na wuyansa, komai kyan niyyarsa.

Aikin da ya rage maka ba ƙarami ba ne. Ba shi ruwa da abinci, ka goge masa jiki in zazzaɓi ya yi zafi, ka riƙe masa rumfa. Zagaya 'yan uwa ko ƙungiyarku a haɗa kuɗin gwajin jini. Raka shi asibiti ka yi masa tafinta. In kwalin ganyen ya tsaya maka a rai, duba ko yana da lambar NAFDAC, ka kai wa likita ko ƙwararren mai haɗa magani ya gani kafin a buɗe. Wanda ya kwanta a hannunka amana ce, kuma cewa "ban sani ba, tashi mu je wurin masu sani" na cikin riƙon amana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.