Idan Akwai Magani A Cikin Tabar Wiwi, Ina Laifin Mai Shanta?

Wannan tambaya ta shiga gidaje da yawa, kuma daga bakin matasa take fitowa: tun da masana sun ce wiwi tana da magani, don me iyaye da ikkilisiya suke hana ta? Uban da ya amsa da tsawa kaɗai bai kashe gardamar ba, gama ɗansa yana riƙe da wani sashe na gaskiya.

Ga sashen nan. A shekara ta 1963 wani masani a Isra'ila, Raphael Mechoulam, ya bayyana siffar sinadarin da ake kira CBD, wanda ba ya sa maye. A 1964 shi da abokin aikinsa Yechiel Gaoni suka ware THC, wato ainihin mai bugarwa. A 1980 aka buga sakamakon gwajin da ya yi tare da masu bincike na Birazil: mutum takwas masu farfaɗiya aka ba CBD, huɗu daga cikinsu suka kusan rabuwa da faɗuwa. Duniya ba ta kula ba. Sai a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin CBD domin wasu irin farfaɗiya masu tsanani da ke kama ƙananan yara.

Shekara 38 ke nan tsakani. Tsananin doka da ƙyamar sunan ganyen suna cikin abubuwan da suka sa bincike ya yi tafiyar hawainiya, yaran da suka yi ta faɗuwa a shekarun nan kuwa ba su san kome game da maye ba. Wannan abin tunani ne ga duk mai ƙin mugunta, domin ƙyama takan kai mutum ga rufe ido har ga alherin da ke kusa da ita. Iyayen da suka ce wa ɗansu babu wani amfani a ganyen sun faɗi abin da zai ƙaryata da wayarsa cikin minti biyar, daga nan kuma sauran gargaɗinsu ya rasa nauyi.

Amma hujjar matashin tana da rami. Epidiolex tacaccen ruwa ne, ana auna shi bisa ga nauyin yaro, likita kuma yana duba hanta. Abin da ake naɗewa a takarda a bayan tasha ba wanda ya auna shi. Wani bincike da aka buga a 2019, daga wurare 11 a Turai da Birazil, ya nuna cewa masu shan wiwi mai ƙarfi kowace rana sun kusan ninka marasa sha sau biyar wajen haɗarin taɓin hankali. A Nijeriya, ƙididdigar 2018 ta nuna wajen mutum miliyan 10.6 sun sha ta cikin shekara guda.

Ƙasar nan ta riga ta ga irin wannan. Kodin maganin tari ne na gaske, duk da haka a 2018 sai da gwamnati ta hana sarrafa ruwan tari mai ɗauke da shi, saboda yadda ya cinye samari da 'yan mata. Kasancewarsa magani bai ceci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Saboda haka uba yana iya amincewa da binciken gaba ɗaya, sa'an nan ya tambayi ɗansa wace cuta ce likita ya gano a jikinsa. Mai zuƙar wiwi ba CBD yake nema ba. THC yake biɗa, sinadarin da masu yin maganin yaran nan suka sha wahala suka tace suka fitar.