Likita Ya Yi Laifi In Ya Ƙi Karɓar Kati?

A cikin ekklesiyarmu akwai wani ɗan'uwa, masinja ne a wani ofishin gwamnati, yana fama da ciwon sukari da hawan jini. A ƙaramin asibitin da ya ke zuwa aka ce masa abin ya fi ƙarfinsu, sai ya nemi likitan cututtukan ciki, watau babban likitan nan wanda ba ya fiɗa, amma ya ƙware wajen ciwon zuciya da ƙoda da hanta da sukari. Ya ɗauki katinsa na inshorar lafiya ya yi ta yawo. Wuri na fari suka ce ba su cikin tsarin. Na biyu suka ce suna ciki, amma ya dawo in lambar izini ta fito. Na uku aka zaunar da shi tun safe har la'asar, masu kuɗi a hannu suna ta shiga suna fita a gabansa. Da ya komo ya tambaye ni, ya ce, "Malam, likitan da ya ƙi ni, ya yi zunubi ko bai yi ba?" Ban iya ba shi amsa a ranan nan ba. Ga abin da na samu bayan na yi tunani.

Sai mu fara sanin yadda kuɗin ke tafiya, gama wanda bai san wannan ba zai yanke shari'a da ka. An yi dokar inshorar lafiya ta Nijeriya a 1999, aka soma aiki da ita a 2005, sa'an nan a 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta ce wajibi ne kowa ya shiga. Mai kati ya kan zaɓi asibiti guda. Kowane wata a kan biya asibitin nan wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. Mai kati ya kan biya kashi ɗaya cikin goma na kuɗin magani. In ana bukatar babban likita, sai kamfanin da ke tsakani ya ba da izini tukuna, shi ne kuma zai biya daga baya. To, kuɗin nan na kowane wata naira 750 ne tun daga 2012, bai motsa ba sai 2024. Ku tuna yadda naira ta faɗi a 2023, da yadda magani ya yi tsada. Mai ciwon sukari guda ya isa ya cinye rabon mutane da yawa.

Saboda haka ba na iya cewa kowane likita da ya ƙi kati mugu ne. Littafi Mai Tsarki ya koya mana ma'aikaci yana da hakkin ladansa. Likita yana da ma'aikatan jinya da zai biya, da man janareta, da 'ya'ya a makaranta. A Gana, inda aka kafa irin wannan tsari a 2003, asibitocin ekklesiyoyi da kansu sun daina karɓar kati na ɗan lokaci a 2014, don hukuma ta riƙe musu kuɗi wata da watanni. Masu bi ne su, ba don riba suka gina asibitocin ba. Amma kamfanin magani ba ya ba da kaya a kan addu'a. Yakubu, cikin sura ta biyar ta wasiƙarsa, ya tsauta wa masu riƙe ladan ma'aikatan gona, ni kuwa ina ganin tsautawan nan ta hau kan duk hukuma ko kamfani da ya karɓi kuɗin talaka ya ƙi miƙa wa mai yi masa magani.

Amma fa akwai ƙi, akwai ƙi. Wanda ya faɗi a fili tun daga ƙofa, ya ce shi ba ya cikin tsarin, ga wurin da za ka, bai cuci kowa ba, ko da shi ke abin da ciwo. Wanda ya sa hannu a takarda, yana karɓar kuɗin kowane wata a kan sunan mutum, in mutumin ya zo sai a ce magani ya ƙare, ko a tura shi ƙarshen layi don ya gaji ya tafi, wannan ya ci amana. Ya ci kuɗin lokacin lafiya, ya gudu lokacin ciwo. Yakubu ɗin nan ne, a sura ta biyu, ya hana a zaunar da mai kyawawan tufafi a wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye. Bencin asibiti ma yana cikin wannan magana.

Har wa yau da sauran abin da ke damuna game da na farin, mai faɗin gaskiya. Dokar lafiya ta 2014 ta hana a ƙi mutumin da ke bukatar taimakon gaggawa. Madalla. Amma aikin likitan cututtukan ciki yawancinsa ba na gaggawa ba ne. Hawan jini ba ya zub da jini a ƙasa kowa ya gani. Mutum ya kan zo da ƙafarsa, yana gaisuwa, yana murmushi, a sallame shi ba tare da zuciyar kowa ta tsinke ba. Bayan shekara biyu a kawo shi a kwance, ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta lalace. Ran nan doka za ta ce a karɓe shi, amma ranar da taimako ke da araha ta riga ta wuce. Likita ya san wannan fiye da kowa. Don haka ina cewa, in shi kaɗai ne mai wannan sani a garin, ba shi da ikon rufe ƙofa duka. Ko da bai iya ɗaukar kowa ba, ya iya keɓe yini guda, ko mutum kaza a mako.

Mun saba jin labarin Basamariye a Luka sura ta goma, amma ban taɓa jin an yi wa'azi a kan mai masauki ba. An kawo masa baƙo rabi a mace, aka ba shi dinari biyu, watau ladan lebura na kwana biyu, sauran kuwa sai alkawari, daga bakin mutumin wata kabila wadda Yahudawa ba su shiri da ita. Kati ma alkawari ne irin wannan. Mai masauki sai ya dogara ga mutum zai dawo ya biya, in ba haka ba jinƙan nan ya tsaya a bakin ƙofa. Amma mu lura Basamariyen bai ɗora masa kayan duka ba, ya fara sa hannu a aljihunsa. Mu kuwa mun fi son mu tsaya daga nesa muna zagin mai masauki. Waɗansunmu har su kan ara wa dangi katinsu, su je a yi musu magani da sunan wani, ba su ga wannan sata ce daga tukunyar da kowa ya zuba ba.

Ɗan'uwan namu ya sami likita daga baya a wani babban asibitin gwamnati, tafiyar sa'a biyu a mota, aka ba shi rana bayan mako bakwai. Kuɗin mota ba ya cikin kati, sai zumuntar maza ta ɗauka. Na koma na gaya masa na fari bai cuce shi ba, na biyu mai yiwuwa laifin kamfani ne, na uku kam ya yi zunubi. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a cikin mako bakwai ɗin nan ƙafarsa ta hagu ta soma kumburi.