Ranar Haihuwa ko Ranar Mutuwa?

Wata tambaya ta taso mana a makaranta nan Matsinkai, ƙasar Bagudo. Wani yaro ya lura galibin waliyyan Kirista ranar da suka mutu ake yi musu idi, ba ranar da aka haife su ba. Ya ce, "Malam, ina dalili? Ai mutuwa ba abin murna ba ce."

To, ga labarin da muka ba shi. A shekara ta 203, a birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu, Rumawa suka kama waɗansu mata biyu don sun ƙi barin addininsu. Ɗaya Farfetuwa, 'yar manyan gida mai shekara 22, tana goyo. Ɗaya kuwa Filisita, baiwa, wadda ta haihu a kurkuku. Uban Farfetuwa ya yi ta roƙonta da hawaye ta janye, ta ƙi. Aka sakar musu namun daji a filin wasa, sa'an nan aka ƙarasa su da takobi. Wasan nan kuwa an shirya shi ne don murnar ranar haihuwar Geta, ɗan Sarkin Rum.

Ku dubi yadda duniya ta juya. A 211 wansa Karakalla ya sa aka kashe Geta, aka bi duwatsu ana kankare sunansa. Amma har yau ran 7 ga Maris ana ambaton baiwar nan tare da 'yar manyan, ba a raba su.

Abin da muka gane ke nan: haihuwa ba aikin mutum ba ce. Ba wanda ya zaɓi gidansu. Ranar suna kowa jariri ne, ba a san mai gaskiya ba balle maƙaryaci. Sai an rufe littafi a kan yi jimla. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Masu fito a Kwara ma ba su yabon jirgi sai ya kai gaci.

Watakila wani ya ce, ashe wanda ya fara da ɓarna ya huta, sai ya jira tsufa ya gyara. Lalle ƙofar gyara a buɗe take. Agustin, mutumin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya yi ƙuruciya ta shashanci, bai karɓi baftisma ba sai 387, ga shi ana idinsa ran 28 ga Agusta, ranar da ya rasu a 430. Amma wa ya ba mu alkawarin tsufa? Farfetuwa ba ta kai ashirin da biyar ba.

Saboda haka, ya ku 'yan makaranta, ɗan sarki kada ya dogara ga asali, ɗan talaka kuwa kada ya karai. Tun da ba mu san ranar jimla ba, sai kowa ya gyara lissafinsa na yau.