Kifin Da Ya Girmi Madatsar Ruwa

Akwai wani kifi da Turawa ke kira sitajin, wanda babu irinsa a kogunanmu. Maimakon ɓawo, layuka biyar na ƙashi ne suka bi jikinsa kamar sulke, bakinsa kuwa yana ƙarƙashin kai, gama a gindin ruwa yake kiwo. A shekarar 1827 an kama wata macensa a bakin kogin Bolga na ƙasar Rasha, nauyinta kilo 1,571, tsawonta ya wuce mita bakwai. Giwan ruwan da ake tinƙaho da shi a Argungu, in aka ajiye shi kusa da ita, sai ka ce jariri.

Har wa yau masu fatsa a yammacin Amurka sukan ci karo da farin sitajin mai tsawon mita biyu zuwa uku a kogin Kolombiya, su ɗauki hoto da shi, su sake shi. Wannan kogi kuwa an daddatse shi da madatsu, ciki har da madatsar Bonneville, wadda aka gama a 1938. Saboda haka waɗansu sukan ce, "To, ina ɓarnar da ake ta faɗi? Ga kifi nan ƙato a bayan dam." Maganar tana da daɗin ji, amma bari mu dube ta da kyau.

Sitajin yakan yi shekara ɗari a duniya. Macen takan kai shekara ashirin ko fiye kafin ta fara ƙwai, sa'an nan ba kowace shekara take yi ba. Ƙwan nata mai yauƙi ne, yana bukatar ruwa mai gudu da ƙarfi a bisa duwatsu da tsakuwa, inda zai manne ya sami iska. Idan aka datse kogi, ruwa ya kwanta, laka da yashi su rufe duwatsun, ambaliyar da ke gaya wa kifi lokacin haihuwa ya yi kuma ta koma hannun mai buɗe ƙofar dam. Matakalar da aka gina wa kifin salmon domin ya haye, sitajin bai cika bin ta ba. Babban kifi zai ci gaba da ci, yana ƙiba, yana tsufa. Abin da ke tsayawa shi ne haihuwa.

Kogin Kootenai, wanda ya ratsa Kanada da jihohin Montana da Idaho, ya nuna wannan a fili. Bayan an gina madatsar Libby, tun wajen 1974 kusan babu ƙananan da suka rayu daga ƙwan da aka zuba a kogin. Manyan suna nan, mutane suna ganinsu, sai a 1994 ne gwamnatin Amurka ta sa su cikin halittun da ke bakin ƙarewa. Shekara ashirin ke nan kogin yana kama da ƙauyen da ke cike da dattawa masu ƙoshin lafiya, amma ba a jin kukan jariri a kowane gida. Baƙon da ya kwana ɗaya zai tafi yana yabon lafiyar garin.

A nan ne tambayar ta tashi daga kan kifi ta dawo kanmu. Ba za mu zagi waɗanda suka gina madatsu ba. Duk wanda ya taɓa ganin ungozoma tana karɓar haihuwa da fitilar ƙwai ya san darajar lantarki. Kuma gaskiya ita ce haɗama ta riga dam yin ɓarna: a 1892 masunta sun kwashe sitajin kusan kilo miliyan biyu da rabi daga Kolombiya, kafin ƙarnin ya ƙare sana'ar ta rushe. Amma ɓarnar mai taru ana ganinta nan take. Ta dam kuwa takan ɓuya a bayan tsawon ran kifin, har sai wanda ya sa hannu a takarda ya yi ritaya, ko ya mutu. A ƙasar Sin an tare kogin Yangtze da madatsar Gezhouba a 1981. Wani ɗan'uwan sitajin mai dogon hanci da ke kogin, an yi masa ganin ƙarshe a 2003, aka tabbatar da ƙarewarsa a 2022. Waɗanda suka sha wutar a shekarun farko ba su ne suka ji wannan sanarwa ba, jikokinsu ne. A ganina, ba daidai ba ne tsara ɗaya ta ci riba, ta rubuta hasarar da sunan wadda ba a haifa ba tukuna, sa'an nan ta nuna hoton tsohon kifi ta ce babu bashi.

To, kogin da aka datse zai iya sāke yin ƙaton kifi? Inda aka bar masa doguwar hanya mai gudu, yana iyawa. A ƙasa da Bonneville, inda kifin ke iya fita teku ya dawo, nan ne suka fi yawa. Kogin Fraser na Kanada, wanda ba a datse uwar ruwansa ba, kuma tun 1994 doka ta ce mai fatsa ya saki abin da ya kama, har yanzu yana ba da manya. A Kootenai kuwa, ƙabilar da ke ɗauke da sunan kogin ta fara ƙyanƙyasar ƙwai a gidan kiwo tun farkon shekarun 1990, ana sakin ƙananan cikin ruwa. Ana kuma ƙara sakin ruwa daga Libby a lokacin haihuwa, an zuba duwatsu a inda yashi ya rufe. Kifin farko da aka saka yanzu ne suke isa haihuwa, bayan shekara talatin, kuma waɗanda za su auna girman 'ya'yansu ba su shiga makarantar firamare ba tukuna.