Kafin Ka Biya Kuɗin Fili

Wani saurayi ya tare ni bayan Azahar ya ce, Malam, na tara 'yan kuɗi, ina son in fara sayen filaye ina sayarwa, ya halatta? Na ce ciniki halal ne. Wanda ya sayi fili a Mabera ko Arkilla tun ana noma a wurin, ya sayar da riba bayan gari ya iske shi, babu laifi a kansa. Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: in hukuma ta ba ka takarda, shi ke nan fili ya zama naka a wurin Allah?

Ku lura. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Satifiket ɗin da ake ba ka izinin zama ne, galibi na shekara 99, sayar da shi ma sai da yardar gwamna. To, nemi takarda, je ma'aikatar filaye ka bincika, domin an sha sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku. Sai dai takarda ba ta sanin wanda aka zalunta.

Ga inda mutane ke halaka. Maigida ya rasu a cikin tsohon gari, Ƙofar Marke ko Ƙofar Rini, ya bar gida. Babban ɗa ya zo da dillali, kuɗi araha, ana ta gaggawa. Ina 'ya'ya mata da ke gidan aure? Ina marayun da ba su balaga ba? Ina tumunin matar mamaci? Ba wanda ya tambaya. Rabonsa kaɗai babban ɗa ya mallaka, sauran kayan mutane ne ya sayar maka, kai kuwa kada ka ce ba ka sani ba, arahar nan ta riga ta gaya maka. Ya inganta cikin Buhari da Muslim cewa mai cin ƙasa da zalunci, ko taƙi guda ne, za a rataya masa ita a wuya ranar Ƙiyama. Taƙi guda fa, ba fuloti ba!

Ko rabonsa kaɗai ya sayar maka, matuƙar ba a raba gidan ba, sauran magada suna da shuf'a, wato su biya ka kuɗinka su karɓe. A Malikiyya wanda ke gari yana da shekara guda, matafiyi kuwa haƙƙinsa na nan har ya dawo. Saboda haka kada ka biya ko kwabo sai ka ga rabon gado daga wurin alƙali, magada maza da mata sun yarda, an rubuta, an kafa shaidu. Jarin kuma kada ya zama bashin ruwa.

Ranar da kai ne mai sayarwa, abin ya juyo kanka. A Satumba 2010 Gulbin Rima ya yi ambaliya har gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta karye. Filin bakin fadama da rani kyakkyawa ne, shi ya sa wasu ba su kai mai saye sai da rani. In ka san ruwa na kwana a filinka, faɗa masa tun kafin a yi sallama. In ka ɓoye, ranar da ya gano yana da ikon mayar maka da filinka ya karɓi kuɗinsa.